Ƙafar da ke Ƙarƙashin Gado

Auta na kicin tana wanke-wanke ta jiyo muryar Baba daga falo, da sanyin nan nasa da ya fi faɗa zafi. Cewa yake wa Umma maganar auren Auta da Injiniya ta tsaya cak, sai ranar da yaron ya koma aikinsa na kamfani. Wanda ya ajiye ofis mai esi ya koma shago yana gurzar ƙafafun roba, in ji Baba, gobe zai iya ajiye matarsa.

Ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Abin da ya fi ci mata rai, ita kanta ba ta da amsar da za ta kare shi da ita. Duk sanda ta tambaye shi dalili, sai ya sosa ƙeya ya ce gajiya ce kawai. To wa ya taɓa gajiya da albashi?

Gwaggo, yayar Baba, aikinta ke nan, ba mutane shawara kan zaɓen sana'a. Baba da kansa ya roƙe ta ta dawo da yaron kan hanya. Ta yarda, amma da sharaɗi: Baba da Auta su zauna can baya su saurara, kada wanda ya tofa. Baba, da ko mai karanta labarai a talabijin bai tsira daga gyaransa ba, ya ce ai wannan mai sauƙi ne.

Ofishin Gwaggo ɗan ɗaki ne, kujeru biyu na kallon juna, sai fanka mai ƙugi. Gwaggo ba ta tambayi Injiniya me ya sa ya bar aiki ba. Tambayarsa ta yi yaushe rabon da aiki ya mantar da shi abinci. Ya yi dariya ya ce jiya. Sai ta ce ya tuna mata abu na farko da ya gyara ba tare da kowa ya sa shi ba.

Dariyar ta ɗauke. Gwaggo ta harɗe hannu ta yi shiru, shirun da ya sa Baba ya dinga mutsu-mutsu a kujera, amma ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ƙafar mahaifiyata ce," in ji Injiniya a hankali.

Ciwon suga ne ya sa aka yanke mata ƙafa. Ya saya mata ta roba mai tsada, ta sa masa albarka, ta ce ta yi mata daidai. Shi kuma kullum yana ofis. Sai bayan rasuwarta ya tsinci ƙafar a ƙarƙashin gado, tafinta fes, alamar ba ta taɓa fita da ita ba. Da ya kwance ta, ya ga wuri ɗaya ne ke matsa mata, ɗan abin da gurza kaɗan za ta gyara. Ya zauna ya gyara, alhali mai ƙafar ba ta duniya.

"Yaushe ka bar kamfanin?"

"A watan da na gyara ƙafar ne... Wallahi Gwaggo, ban taɓa haɗa su ba."

Ashe ba ɓoye wa Auta yake ba, shi ma bai sani ba! Ta dubi Gwaggo kamar yau ta fara ganinta, tana mamakin yadda tambaya da shiru suka tono abin da soyayyarta ta kasa tonowa.

Gwaggo ba ta ce ya koma ba, ba ta ce ya zauna ba. Ga ƙanenta kuwa cewa ta yi yaron ba gudun aiki ya yi ba, sauran kuma ya rage ga Baba.

Aka ɗau kwanaki Baba bai sake tada maganar auren ba. Ƙawaye suka yi ta zuga Auta ta yi yajin cin abinci, ta ƙi. Tana kai masa shayinsa, tana gaishe shi kamar kullum, zuciyarta kuwa kamar ta fashe.

Wata safiya ya ce ta raka shi shagon. Suka tarar da Injiniya durƙushe gaban wata malamar makaranta da ke riƙe da ƙarafan koyon tafiya, ya ɗaura mata sabuwar ƙafa.

"Malama, ina ne ke matsa miki? Don Allah kada ki ɓoye min, ko kaɗan ne."

Ta nuna, ya cire ya gurza, ya mayar. Ta saki ƙarfe ɗaya, ta saki na biyun, ta tako har bakin ƙofa inda suke tsaye, tana dariya hawaye na zuba. Baba ya cire tabarau, leɓensa na motsi da tasbihi.

"Ɗana," ya ce wa Injiniya, "ka turo magabatanka."

Haƙurin Auta bai faɗi ƙasa ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci kan aikin da ya zaɓa, zauna ka saurare shi har ƙarshe, domin sau da yawa shi kansa bai san abin da ya kai shi can ba sai an ba shi wurin faɗa.