Tiyon Man Motar Alhaji Buba

Da la'asar sakaliya Halliru ya sauka daga babur a unguwar Moursal, da jakar sifanu a kafaɗa da galan ɗin fetur a hannu. Bakanike ne daga Kano, shekararsa uku yana aiki a unguwar Habbena. Hajiya Indo ce ta aika a kira shi. Mijinta, Alhaji Buba, ya rasu watan jiya, ita kuma za ta koma Zinder wurin danginta, tana so a fitar da motarsa daga gidan kafin tafiyar.

Da kanta ta buɗe masa garejin. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da ya buga masa guduma.

"Tun yaƙin basasar 1980 take nan," in ji ta. "Shekara goma sha takwas. Bai yarda kowa ya taɓa ta ba."

Fijo 404 ce fara, tayoyinta sun kwanta. Ɗakin na warin tsohon mai da kashin jemage.

Halliru ya ɗaga bonet, ya sa sabon batir, ya juye fetur a tanki. Ya murɗa makulli. Injin ya juya amma bai kama ba. Ya cire fulogi ya gwada, wuta na zuwa. Ya ɗiga fetur kaɗan a bakin kafireta ya sake murɗawa. Motar ta yi tari, ta tashi, ta mutu nan take.

"Injin da ransa, Hajiya. Mai ne ba ya isowa."

Ya kwance kwanon kafiretar. Tsohon man ya bushe ya zama ƙaro ja, ya maƙale allurar da ke tare mai, ya toshe ƙananan ramukan da mai ke bi. Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa ga hasken ƙofa har ya ga rana ta cikinsu. Ya mayar, ya murɗa makulli. Kwanon bai jiƙe ba. Ya duba famfon mai, robarsa ba ta fashe ba. Saura tiyon da ya taho daga tanki.

Hasken ƙofar ya fara yin ja. A waje ana jan ruwan alwala.

Ya zare tiyon daga famfo, ya goge bakinsa da gefen riga, ya busa. In hanya a buɗe take, zai ji fetur na ɓulɓula a tanki, can ƙarƙashin but.

Bai ji ɓulɓula ba. Ajiyar zuciya ya ji.

Ya waiga. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi.

"Ke ce, Hajiya?"

"Ɗana," ta ce da raɗa, "bar shi haka. Kalas, ya isa. Ka dawo gobe."

"Saura kaɗan. Bari in zuƙo man."

Ya sa tiyon a baki ya zuƙa. Ba ɗanɗanon fetur. Iska ce mai ɗumi, mai warin zufa da bakin wanda ya wuni bai sha ruwa ba.

Sai aka zuƙa daga can ɗaya bakin tiyon.

Tiyon ya manne a leɓensa. Kumatunsa suka lotsa. Ya ja da hannu biyu, ya ƙi fita. Ya nemi iska ta hanci, duk abin da ya shaƙa sai ya wuce ta tiyon.

A bayan motar aka fara ƙwanƙwasa. Ƙwas. Ƙwas. Daga cikin but.

Haƙarƙarinsa suka matse. Sifanu suka watse a ƙasa.

Ƙwanƙwasar ta koma yakushi.

Ya ga Hajiya ta wuce shi da gudu, ta kifa tafin hannu a kan murfin but ɗin.

"Nafiou! Nafiou, ba shi ba ne! Alhaji ya rasu! Wannan baƙo ne, bai san komai ba!"

Yakushin ya tsaya.

"Ka sake shi, don Allah. Ɗan mutane ne."

Tiyon ya faɗi. Halliru ya rarrafa ya fita tsakar gida, ya kwanta a kan yashi yana kakari. Ladan na kiran magariba.

A nan ta gaya masa, idonta a ƙasa. Nafiou maƙwabcinsu ne, tela. A lokacin yaƙin masu bindiga suna nemansa, Alhaji ya ɓoye shi a but don ya kai shi bakin kogi ya haye zuwa garin Kousseri, a tsallaken iyaka. Aka tsare su a shinge tun hantsi har la'asar, cikin zafin bazara. Alhaji na zaune a sitiyari yana jin ƙwanƙwasa, bindiga na jikin tagarsa, sai ya riƙa ƙara muryar rediyo. Da suka sake shi, ƙwanƙwasar ta daɗe da tsayawa. Gida ya juyo. Ita da Alhaji, su biyu, suka binne gawar Nafiou, ba su taɓa faɗa wa matarsa ba.

"Na zaci da Alhaji ya rasu, Nafiou ya bi shi," in ji ta.

Halliru bai koma ɗaukar kayansa ba. Hajiya ta sa magina suka toshe ƙofar garejin da bulo, da motar a ciki. Kafin ta tafi Zinder, ta nemi matar Nafiou a unguwar Toukra ta nuna mata kabarin.

Likitoci biyu sun duba ƙirjin Halliru ba su ga komai ba. Amma tun ranar ba ya iya karanta Fatiha sai ya tsaya sau huɗu yana haki. Yana nan a Habbena yana gyaran kafireta. Duk motar da aka kawo masa, ko hon ne kawai ya lalace, sai ya fara zagayawa baya ya buɗe but, ya bar shi a buɗe har ya gama aiki.