Testar Goggo Lantana

Ku matso kusa, ku rage murya. Kai Bashari, janye ƙafarka daga jikin mutane. Kun sha yi wa Goggo Lantana dariya a bayan idonta, wai tana yi wa kwamfuta sallama kafin ta kwance ta. To yau za ku ji dalili, mu ga mai sauran dariya.

Lokacin tana budurwa ce, ba ta daɗe da dawowa Nguru daga koyon gyaran kwamfuta ba. Taurin kai kuwa, kun dai san ta, sai dai na yanzu ma ya yi laushi. Ana nan sai wani mai kuɗi ya tashi ya ce gonar Inna, mahaifiyarta, tasa ce. Aka buɗe adaka za a ɗauko takardar gona, aka tarar gara ta cinye ta tas. Ga shi washegari za a zauna a kotu.

Sai Lantana ta tuna marigayi Malam Ɗanjuma mai shagon buga takardu ya taɓa ɗaukar hoton takardar ya adana a kwamfutarsa. Shagon yana can bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, shekara huɗu a kulle. Ɗan marigayin ya miƙa mata makulli ya ce, "Masu gyara biyu sun gwada, ba ta kamawa. Na biyun ko jakarsa bai tsaya ɗauka ba."

Inna ta ce, "Ki bari rana ta yi sanyi, a samo mai raka ki. Ba a bin hanyar nan da tsakar rana."

"Inna, gobe ne fa. Rana ta yi abin da za ta yi."

Ta saɓa jaka ta tafi ita kaɗai. Ta tsallake layin dogo, ta wuce ƙarƙashin tsamiya. Ko kukan tsuntsu babu. Ta buɗe shago ta faɗa kai tsaye, ba sallama, ba bismilla, tunda a ganinta kango ne. Ƙura ta rufe komai, tebur da benci da allo. Akwatin kwamfutar kaɗai yake fes, kamar yanzu aka goge shi.

Ta fara yadda aka koya mata, daga bango. Ta zura testa a soket, kun san ɗan sukundireban nan mai fitila a ciki. Fitilar ta kawo ja, akwai wuta. Ta canza wayar wuta da tata sabuwa. Ta duba maɓallin baya, a kunne yake. Ta danna na gaba. Shiru.

Ta kwance murfi, ta zaro fawa-fak, wato akwatin da ke raba wuta a ciki. Ta ɗora shi a tebur, ta haɗa koriyar waya da baƙa, fankarsa ta juya lafiya lau. Ta mayar da shi ciki. Shiru. Ta cire ram, wato ɗan katin ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta goge ta mayar, ta sa sabon ɗan batir. Shiru dai.

"Sannu da aiki, 'yata."

Wani tsoho ne zaune a benci, da farar riga. Ba ta ji shigowarsa ba. Ta gaishe shi sama-sama, ta zare filogi daga bango, ta ɗauko abin hura ƙura. Tana sunkuyawa bakin testar da ke hannunta ya taɓa ƙarfen akwatin. Testar ta kawo ja.

Ta dubi filogi. Ga shi can yashe a ƙasa.

A ƙasan nan idonta ya tsaya. Sawu ɗaya ne a cikin ƙura, nata. Ta bi gindin benci da kallo. Ƙarƙashin farar rigar nan ba ƙafa ba ce, kofato ne.

"Ajiye abin hurawar nan," in ji tsohon. Bakinsa ne yake motsi, amma muryar daga cikin kwamfutar take fitowa. "Jikokina bakwai ke barci a ciki. Wa kika yi wa sallama? Wa ya ce ki cire mana ƙyaure?"

Tsoro ya kama ta, ita da bakinta ta faɗa. Ƙofa a buɗe take, taku uku. Amma ta tuna Inna zaune gaban adaka da garin takarda a tafin hannu, sai zuciya ta taso mata.

"Na yi laifi, Baba. Salamu alaikum, masu gida." Ta ajiye abin hurawar. "Amma ba zan fita hannu rabbana ba."

"Waɗanda suka fi ki ƙarfi sun fita."

"Su aiki ya kawo su. Ni gonar uwata ce a ciki."

"So kike ta kama, fanka ta juya ta sare min yara? Ko za ki shekara a nan ba za ta kama ba."

Ta tsaya. Maganarsa ce ta buɗe mata ido: ita me ya dame ta da kamawarta? Takardar tana cikin had-dis, faifan ajiyar nan mai girman tafin hannu, kuma a kowace kwamfuta zai buɗe.

"Ku riƙe gidanku, ba zan kunna ba. Wancan faifan kaɗai zan cire."

"A kansa autan yake kwance."

"To a tashe shi."

Ɗakin ya yi sanyi lokaci guda. Rufin kwano ya fara ƙara, alhali ba iska. Tsohon ya miƙe, kansa ya kusa taɓa rufi. Lantana ba ta ja da baya ba.

"Ku kun samu kango kun tare, ba ku son a tashe ku. Uwata shekara talatin tana noma gonar nan, ita ce za a tasa? Wallahi Baba, sai dai ka fitar da gawata."

Ta cire gyalenta, ta ninke shi takwas, ta shimfiɗa a ƙasan akwatin. Sannan ta yi irin yadda Inna ke yi in za ta zubar da ruwan zafi a tsakar gida. Ta ce, "Bismillahi, a kauce." Sau uku, tana jira a tsakani.

A na ukun, tsakiyar gyalen ya lotsa a hankali. Wani ɗan numfashi mai ɗumi ya taɓa mata wuyan hannu.

Ta kwance noti huɗu, ta zaro faifan. Ta mayar da murfi, ta ɗaure kowane noti a inda ta same shi. Tsohon ya miƙo hannu ya ce ta ba shi testa. Ya jujjuya ta, ya mayar mata. Sanyinta kamar ƙanƙara.

"Don ki riƙa sanin gidan da ke da mutane," in ji shi. "Ja mana ƙofa."

Ta ja. Ta rantse ba ta yi gudu ba sai da ta tsallake layin dogo. Da la'asar ta jona faifan a tata kwamfutar, ga takarda nan da hatiminta da sa hannun shaidu. Tuwon da kuka ci ɗazu, geron gonar ne.

Tun daga ranar, testar nan takan kawo ja a inda babu ko wayar lantarki. Saboda haka kada in ji waninku ya bi bayan tasha shi kaɗai da rana tsaka, kuma duk abin da ya daɗe a rufe, a yi masa sallama kafin a buɗe.

Au, na kusa mantawa. Ɗazu da magariba, bayan an ɗauke wuta, Goggo ta leƙa ɗakin da kuke kwana da testarta a hannu. Tsohuwar talabijin ɗin nan da ke ƙarƙashin gado, ta ce kada wanda ya taɓa ta.