Goyon da Mura Ta Hana

A wani gari an yi wata yarinya mai son goyon ƙaninta jariri. Wata rana ta tashi da mura, shi ma hancinsa ya toshe, yana ta atishawa.

Inna ta share masa hanci, ta ƙara ba shi nono, ta ce wa yarinya, "Kada ki ɗauke shi sai kun warke."

Kullum sai ta tambaya, "Inna, yau fa?"

"Ba yau ba."

Rannan Inna na wanka, jariri ya miƙo hannu yana kuka. Yarinya ta ɓoye hannayenta a baya, ta yi masa waƙa daga bakin ƙofa, tana hawaye.

Da suka warke, kafin ta tambaya, Inna ta ɗauko majanyi ta ce, "Juyo bayanki."