Kwanar da Ubansa Ke Yi a Tsakiyar Kogi

Ƙauyen bai kai gida ashirin ba. Ba shi da dagaci, ko taswira ba ta san da zamansa ba. Tsohon garin kuwa kogi ya haɗiye shi shekara arba'in da suka wuce, daren da ruwa ya sake hanya.

Mai fito ya gaji kwalekwalen ubansa, amma bai gaji halinsa ba. Tsohon, in ya kai tsakiyar kogi, sai ya yi wata doguwar kwana. Shi ko ɗan, miƙewa yake yi sak, wai kwanar wahalar banza ce.

Ran nan bayan isha'i yana sauri ya ɗaure kwalekwale, hankalinsa na wajen matarsa mai naƙuda, sai ga wata tsohuwa.

"Ɗan nan, ƙetare da ni."

Ya so ya ƙi, sai ya ga kansa yana riƙe mata kwalekwalen. Ta shiga, kwalekwalen ko motsi bai yi ba. Zanenta na ɗiga, alhali rabonsu da ruwan sama wata uku. Kwaɗi suka yi tsit.

Suna kaiwa tsakiya, kwalekwalen ya daki wani abu mai tauri, a wurin da zurfinsa ya fi gaba uku.

"A hankali, katangata ce," in ji ta. "Ubanka mutumin kirki, kullum ta bayan gidana yake bi. Kai ko shekara biyu kana ratsa mini tsakar gida ba sallama."

"Iya, a ina zan sauke ki?"

Ta kama hannunsa, sanyi ƙalau.

"Ai mun iso. Sauko ku gaisa da mutan gidan."