Duwatsun da Sadiyatu Ta Wanke

Sabulu ne ya kashe kifayen Manjo, ba gam ɗin Junaidu ba. Amma Junaidu aka kama.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo Sakkwato, wani Manjo na soja ya gina gida, ya ce sai an sa masa kifin teku a falo. Wani Bature ɗan kwangila ya kawo akwatin gilashi mai tsawon gado biyu. Ya kawo gishiri buhu-buhu na haɗa ruwa, da duwatsun teku daga Legas, farare masu huji ko'ina. Ya ɗauki Junaidu, magini ɗan Ƙofar Kware, ya koya masa manna su da gam, su zama tsauni mai kogo inda kifi zai riƙa shiga yana fita.

Duwatsun sun iso da wari. Bature ya ce a ɗauraye su da ruwa zalla, kada a sa musu komai, sannan a shanya. Sai Junaidu ya kai su Dundaye, gidan Malam Gambo masunci, kusa da gulbi. Nan ya fara ganin Sadiyatu, 'yar Malam Gambo, tsaye ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, mushe ne ka kawo mana?"

"Duwatsu ne. Ɗaki zan gina wa kifi."

"Kifi ya ce maka yana son ɗaki?"

"Manjo ya ce."

Ta yi dariya har ta saki mayafin. Daga ranar ta raɗa masa suna Magini, shi kuma yana ce mata Sadi. Aikin kwana uku ya ja shi ya kai kwana goma.

Malam Gambo bai so abin ba. Akwai Tambari, direban Baturen, mai babur sabo da agogo a hannu, wanda ya riga ya fara turo goro. Da Junaidu ya durƙusa gaisuwa, tsohon ya ce, "Yaro, ni kama kifi nake mutane su ci. Kai kana yi masa gini. Wagga sana'a ce? In Bature ya tafi, mi za ka ba ɗiyata?"

"Ina da cokalin ginina, Baba."

"Tafi ka gama wasanka tukuna."

Da Junaidu ya zo kwasar duwatsun, ya tarar sun yi fes, ba wari ko kaɗan. Ya ɗauka zafin rana ne ya kashe warin.

Aikin gam ba ya son gaggawa, ba ya son nawa. Gwangwani biyu ne, a ɗebo nan a ɗebo nan, a cuɗa har launinsu ya zama ɗaya. A zafin Sakkwato nan da nan yake fara ƙarfi. Sai ka shafa, ka ɗora dutse kan dutse, ka danne da hannu kana tsaye cak har ya kama. In ya kama kuwa, sai guduma. Kwana tara Junaidu ya yi a cikin akwatin nan. Ya gina tsauni mai kogo uku da wata gada a tsakiya. Bature ya zagaya ya duba, ya gyaɗa kai, ya miƙa masa hannu.

Da yammacin ranar ya je Dundaye da murna. Suna tsaye a ƙofar gida Sadiyatu ta ce, "Magini, ba ka gode mini ba."

"Da me, Sadi?"

"Duwatsunka. Garin sabulu kwali biyu na ƙarar. Na jiƙa su, na goge kowane huji da tsinke. Na ce ba za ka shiga gidan manya da wari ba."

 Junaidu ya ce, "Na gode, Sadi. Allah ya saka."

Ya san abin da ya kamata: ya faɗa wa Bature a fasa ginin. Amma za a tambayi dalili, a tambayi wa ya yi, kuma motar soja ta san hanyar Dundaye. Sai ya ɓoye maganar. Ya cika akwatin da ruwa ya zubar, har sau uku. Sabulun yana can cikin hujin, gam ya rufe bakin wasu.

Kifayen suka zo ta jirgin sama, shuɗi da rawaya, irin waɗanda ba a taɓa gani a gulbi ba. Bayan kwana biyu aka ga kumfa tana taruwa a saman ruwa. Rana ta huɗu duk sun juya ciki sama.

Tambari ne ya fara magana. Ya ce da idonsa ya ga Junaidu yana cuɗa gam ba bisa awo ba. Manjo ya sa aka kawo Junaidu tsakar gida.

"Kai ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da wane hannu ka cuɗa?"

Ya miƙa na dama. Sojoji suka kwantar da hannun a kan siminti, wani kofur ya taka shi da takalmi, ya murza.

Wata biyu Junaidu bai leƙa Dundaye ba. Yana ɗakin mahaifiyarsa, hannu a ɗaure da karan ɗori. Sadiyatu ta ji labarin kumfar a bakin Tambari, yana ba da shi yana dariya. 'Yar masunci ce, ta gane nan take. Ta ɗauka Junaidu ya tsane ta. Ta daina cin abinci sosai, ta rame. Daga baya ta rubuta takarda da ajami, ta ba Lantana ƙanwar babanta ta kai.

"Magini, na san ni ce. Ba na roƙon ka so ni. Ka zo ka zage ni ko sau ɗaya ne, in ji muryarka. Sadi."

Junaidu ba ya iya riƙe alƙalami. Ya ce da Lantana, "Gwaggo, ki ce mata ban taɓa jin haushinta ba. Ki ce ta auri Tambari. Ni ba ni da hannun ciyar da mace."

Lantana ta kai saƙon yadda aka ba ta. Sadiyatu ta tashi ta je ta durƙusa gaban mahaifinta yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ta faɗa masa komai, tun daga kwalin sabulu. Tsohon bai ɗago ba sai da ta gama.

"Ya sani kafin a kama shi?"

"Ya sani, Baba. Har godiya ya yi mini."

Washegari Malam Gambo ya sa babbar rigarsa ya tafi Ƙofar Kware da ƙafa. Ya zauna ya dubi hannun Junaidu da kyau.

"Da ka faɗi sunanta, nata za a taka, ko nawa."

"Baba, ba ni da abin da zan ba ta yanzu."

"Ban tambaye ka ba. Na mayar wa direba goronsa. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

An ɗaura aure bayan sallar layya, ba kiɗa mai yawa. Liman ya yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari, jama'a suka shafa. Da aka kai amarya ta ga hannun a karon farko, ta fashe da kuka. Ya ce, "Haba Sadi, amarya guda da majina?" Ta yi dariya cikin hawaye.

Sun zauna lafiya, sun haifi 'ya'ya biyar. Junaidu ya koma sayar da kifin surukinsa a kasuwa, yana miƙa wa masu saye da hagu yana ba su haƙuri. Yatsunsa uku na dama ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Bai sake ɗora dutse kan dutse ba, kuma har ya tsufa Sadiyatu ce ke ɗaure masa tazugen wando kowace safiya.