Tagar da Dogo Ya Sauke

Tun daga bakin layi Malama ta fara jin ƙarar guduma, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Unguwar leburori ce, kullum da abin da ake fasawa. Sai da ta karyo kwana ta ga ƙura na fitowa daga ɗakin aurenta.

Dogo ne a tsugune, ya ɗaure hanci da tsumma, yana fasa bangon da ke ƙarƙashin taga. Ita kuwa wannan tagar tana da tarihi. Ranar da zai kafa ta, sai da ya tsayar da Malama a jikin bango ya shata alama daidai haɓarta, wai don in ya taso daga aiki ya riƙa hango fuskarta tun daga nesa. Labulen da ta ɗinka wa tagar ma yana nan a jakarta, shi ta kawo ta gwada.

"Dogo, me kake yi wa tagata?"

Ya sauke tsumman, ya yi murmushin nan nasa na marar gaskiya. "Sauke ta nake yi, Malamata. A yadda take yara ba za su ga waje ba."

"Waɗanne yara?"

Ta san amsar kafin ya buɗe baki. Ƙungiyar taimakon juna ta unguwa ta daɗe tana fafutukar buɗe makarantar rainon yara don 'ya'yan leburori, waɗanda iyayensu ke kwasa su tafi da su wajen gini saboda babu wanda za a bar wa. An samu tabarmi, an samu allo da ƙananan kujeru, an samu malama, wato ita. Ana gab da buɗewa mai shagon da ya yi musu alkawarin wuri ya samu ɗan haya, ya daina ɗaga waya. Kayan suka koma zauren shugabar ƙungiya, yaran suka ci gaba da wasa a cikin yashi.

Su kuma waɗannan ɗakuna biyu, Dogo ya tayar da su ne bulo ɗaya-ɗaya a ranakun hutunsa, domin Baba ya ce ba ya son komai daga mai neman 'yarsa sai abu guda: ɗaki na kansa.

Ta tambaye shi ko ya manta da wannan sharaɗin. Ya ce bai manta ba. Ta ce to in fasa auren yake son yi, ai ba sai ya fasa bango ba, baki ya isa. Nan fuskarsa ta sauya, ya ajiye gudumar a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Ke kika ba da ɗakin nan tun kafin ni," ya ce. "Tunda na fara ginin nan ba ki taɓa zama a ciki hankali kwance ba. Ina nuna miki inda gado zai zauna, ke kina duban agogo. Kin ɗauka ba na gani?"

Da ƙarya ya yi mata, da ta san yadda za ta yi da shi. Gaskiya ce ta fi ƙarfinta. Ta juya ta tafi, yana kiranta ba ta waiga ba.

Hanyar gida kuma ba ta taimake ta ba. A wani gini da ake tayarwa ta ga wata mata tana tankaɗe yashi, ɗanta na barci a cikin baro a inuwar rabin bango, a samansa maza na miƙa wa juna bulo. Malama ta kau da kai. Tana son makarantar nan kamar ranta. Tana son ɗakinta ma. Ba wanda ya taɓa gaya mata za a wayi gari a ce su biyun abu ɗaya ne.

Ta sami Baba a kujerarsa ta tsakar gida, sanda a jingine a gwiwa. Tsohon lebura ne, ya yi dakon siminti har bayansa ya lanƙwashe, ido ɗaya ya dushe. Tun rasuwar Inna su biyu suka rage a gidan, ita ke ɗiga masa magani a ido, ita ke neman masa takalmi in ya ɓace a gabansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

Yau ya tare ta da labari mai daɗi. Wai shi da kansa ya dafa shayi, kuma ya yi daɗi, saboda haka ta tafi gidan mijinta hankali kwance, ba yaro ba ne shi. Yana maganar yana jan hannun riga yana rufe wuyan hannunsa. Ta kama hannun ta janye rigar. Ƙuna ce sabuwa, har ta yi ruwa.

Ya ce butar ce ba ta da tarbiyya.

Tana shafa masa magani Goggo ta yi sallama. Ƙanwar Baba ce, ita ce kuma shugabar ƙungiyar, mace mai murya wadda in ta yi raɗa maƙwabta na ji. Ta shigo da fara'a tana sa wa Dogo albarka, yaro ɗan halak, ya fitar da ƙungiya kunya. Sai kuma ta tsuke baki ta ce amma ɗaya maganar da ya zo da ita, gara da Yaya ya ƙi.

A bakin Goggo Malama ta ji sauran labarin. Ashe Dogo ya zo wajen Baba tun kafin ya taɓa bangon. Ya durƙusa ya ce yana roƙon a bar su su zauna a nan gidan bayan aure, a ba yara ɗakunan. Baba ya ce ba da shi ba. Dogo ya ce duk da haka zai ba da ɗakin, don ya san ko an kai ta can zuciyarta tana nan.

"Namiji a gidan surukinsa?" in ji Goggo. "Ko tari zai yi sai ya nemi izini. A ɗaga bikin kawai, ya tara ya sake gina wani. Gaggawar me ake yi?"

Ta faɗi haka kamar ɗaki abu ne da ake tsinkowa a bishiya. Malama ta san shekarun da waɗancan biyun suka ci. Ta kuma lura cewa Goggo ta karɓi ɗakin da hannu bibbiyu, auren ne kawai ta ga zai iya jira.

Washegari da rana ta je inda Dogo ke aiki. Da niyyar faɗa ta tafi, ta ma shirya kalmominta tun a hanya. Sai ta ji abokan aikinsa na tsokanarsa daga saman gini, suna kiransa amarya, suna tambayar yaushe za su zo ɗaukar akwatinsa. Shi kuwa yana ta jera bulonsa, kunnuwansa kawai suka nuna yana ji.

Da ya sauko ta tambaye shi ko abin ba ya yi masa ciwo. Ya ce yana yi, ƙarya ne ya ce ba ya yi. Shi ma ya so a ce ga gidan Dogo, maraya ne, bai taɓa kwana a ɗakin da zai kira nasa ba. Ya kuma yarda ya yi kuskure da bai fara tambayarta ba, ya ji tsoron kada ta ce a'a don kunyarsa kawai.

"Gori ba ya karya ƙashi, Malamata," ya ce. "Amma in na ɗauke ki tsohon nan ya faɗi babu kowa a gidan, da wane ido za ki riƙa kallona ta tagar?"

Duk kalmomin da ta shiryo suka watse. Ta ciro hankici ta share masa simintin da ya maƙale a gira, a gaban kowa, 'yan saman gini suka kaure da tafi. Ta ce masa daga yau ko ƙusa zai cire a rayuwarta ya fara yin sallama. Ya ce ya ji.

Sauran aikin nata ne, ta sani. Da yamma ta jawo tabarma ta zauna a gaban Baba, ta cire takalmi ta miƙe ƙafarta ta hagu. Akwai wani tabo fari a gefen ƙafar. Tun tana rarrafe ne ta shiga kwaɓin siminti a wajen gini, iyayenta suna can suna dako, kafin a ankara ya cinye fatar. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin Baba ya kalli wannan ƙafar ba. Yau ma bango ya duba.

Ya riga ta magana. Ya ce ya ɗauki kayan mutane a ka shekara da shekaru ne don wata rana 'yarsa ta fita ta ƙofar nan zuwa gidan kanta, kanta a sama. Ba zai zama dutsen da aka ɗaura mata a ƙafa ba. Ga kuma bakin mutane.

Ta ce mutanen nan da yake tsoro, ba ta taɓa ganin ɗayansu ya zo ɗiga masa magani a ido ba.

"Baba," ta ce, "ranar da na samu tabon nan, ba rashin so ba ne. Kun rasa wanda za ku bar ni a hannunsa ne. To yau ni ce na rasa wanda zan bar ka a hannunsa... Kana so ni ma in tafi dakona, in dawo in ga abin da ya same ka?"

Baba ya sauke idonsa daga bango ya dubi ƙafar. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya ɗora tafinsa mai kaushi a kan tabon, ya bar shi a nan. Ta ji ɗigon hawaye a ƙafarta, ta yi kamar ba ta ji ba.

Da ya ɗago sai ya gyara murya ya ce a kira masa wannan dogon marar jin magana.

Dogo ya zo, Goggo ma ta zo ba a kira ta ba. Baba ya dogara sandarsa ya ja su zuwa bayan gida, inda ya tara tarkacen zamanin ƙarfinsa, karyayyen baro da shebur mai tsatsa. Ya sa bakin sandar ya ja layi a ƙasa, daga bangon titi har gindin bishiya.

"Daga nan zuwa can naka ne, halak malak," ya ce. "Na ce sai mai ɗakin kansa, kuma ban sauya magana ba. Ka gina. Ka fasa ƙofarka ta titi, ka yi tarinka yadda ka ga dama."

Goggo ta buɗe baki, ta duba layin, ta duba yayanta, ta rufe. Can ta ce ai dama abin da ita ma take nufi ke nan.

Dogo ya durƙusa yana godiya, amma Malama ta ga damuwa a idonsa, don ko rabin bulo bai rage masa ba. Wannan damuwar ba ta kai ranar hutu ba. Da hantsi sai ga leburorin unguwa, har da masu kiransa amarya, wani da baro, wani da ragowar yashi, wani da 'yan buloli a ka. Matar nan mai tankaɗe ma ta zo da rariyarta. Suka ce wanda ya ba 'ya'yansu inuwa ba zai kwana a rana ba. Tsokanar dai ba su daina ba, sai ma suka ƙara da cewa ɗakin amarya suke ginawa.

Baba ya sa aka kai masa kujerarsa bakin aikin. Da ido ɗaya ya riƙa gano kwaɓin da ruwa ya yi wa yawa, yana faɗa yana nuni da sanda. Rabon da Malama ta ji muryarsa da ƙarfi haka tun Inna na raye.

Makaranta ta riga biki buɗewa. Ranar farko an sha kuka, wasu yaran ba su taɓa zama a ƙarƙashin rufi da rana ba. Da lokacin tashi ya yi, sai ta ga sun bar kayan wasan sun jeru a jikin tagar, ƙananan haɓoɓi a kan dakalinta, kowa na leƙen nasa. Duk wanda ya hango mahaifinsa tafe fari fat da ƙura sai ya hau tsalle. Labulenta ta rataya a wurin, ya yi gajere, ba wanda ya damu.

Ana saura kwanaki kaɗan biki ginin bayan gida ya kai taga. Dogo ya yi sallama, kamar yadda aka yi alkawari, ya ce Malama ta zo ta tsaya a jikin bango a gwada. Ta zo, ta karɓe allin daga hannunsa. Ta waiga ta dubi Baba a kujerarsa, ta auna daidai inda idonsa zai kai daga zaune, ta shata. Sai ta durƙusa, ta sake shata wani layin can ƙasa da na farko.

Dogo ya dubi layin, ya dube ta. "Wannan kuma na wa?"

"Ka dai sauke ta, Dogona," ta ce, tana kakkaɓe alli daga yatsunta ba tare da ta kalle shi ba. "Kada nan gaba ka zo kana fasa mana bango."