Wa Ya Kunna Kwamfutar Baba?

A garin Gwaram akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Mahaifinta, Malam Abdulsalami, malamin firamare ne. Yana da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa, irin ta kan tebur. Da ita yake buga tambayoyin jarrabawa, nasa da na sauran malamai. Wutar sola suke amfani da ita a gidan. Batirin ɗaya ne tak, shi ke riƙe kwamfuta, shi ke juya fankar ɗakin Umma.

Kullum da safe Baba yakan taɓa ɗan aiki kafin ya tafi makaranta. Da yake yakan riga kowa fita, sai ya ba yarinyar aiki. Ita za ta riƙa kashe kwamfutar, ta lulluɓe ta da zane, ta ja ƙofa. Yarinyar ta ji daɗi ƙwarai. Babu wanda ba ta gaya wa ba a ajinsu.

A gidan akwai A'i, 'yar Baffa Buba, ƙanen Baba. Daga garin Sara aka kawo ta don ta yi karatu. Aji uku take, saboda haka takan riga yayarta dawowa gida. Bayan la'asar Baba yakan zaunar da su biyun ya koya musu buga haruffa. A'i da yatsa ɗaya take yi, harshenta a waje, amma ba ta gajiya.

Wata ranar Litinin Baba ya dawo ya tarar da kwamfutar a kunne a ƙarƙashin zane. Ta ɗauki zafi. Batir ya kusa ƙarewa, fanka ta tsaya, Umma na ta fifita da mafici.

Ya kira yarinyar ya tambaye ta. Ta ce lalle ta kashe, har ta ga fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Baba ya ce ba komai, ta dai ƙara kula.

Ranar Talata haka. Ranar Laraba ma haka.

Yarinyar ta san tana kashewa. Amma ta ga Baba ya fara tunanin karɓe aikin daga hannunta. To, me za ta gaya wa ƙawayenta? Ta duba tsakar gida, ta ga A'i tana wanke kwanonin abincin rana. Sai ta tuna A'i ce ke fara dawowa.

Ta ce, "Baba, A'i ce ke kunnawa."

Baba ya dube ta. "Tsammani kike yi, ko kin gan ta?"

Sai bakin yarinyar ya riga ta. "Na gan ta."

Aka kira A'i. Ta ce ita ko ƙofar ba ta taɓa turawa ba. Baba bai yi mata faɗa mai yawa ba. Ya dai ce ba ya son gardama, kuma ta huta da darasin la'asar na mako biyu.

A'i ta koma kan kwanoninta, hawaye na ɗiga a ruwan wanke-wanke. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Washegari Baffa Buba ya shigo Gwaram cefane, ya biyo gidan don su gaisa. A'i ta riƙe rigarsa ta ce ita gida take so. Aka lallashe ta, ta ƙi. Daga ƙarshe aka ce ta je ta yi kwana biyu. Ta hau bayan babur da ɗan ƙullin kayanta. Ba ta waiwayo ba.

Ɗakinsu ya yi wa yarinyar faɗi. Babu mai ba ta labarin awakin Sara. Babu mai ce mata, "Yaya, yi mini kitso."

Ranar Juma'a da safe ta kashe kwamfutar a hankali, ta lulluɓe. Baba ya rufe ɗakin da kwaɗo, ya sa makullin a aljihu. Da suka dawo ya buɗe. Kwamfutar na nan a kunne, tana ɗan gurnaninta. A'i kuwa tana can Sara.

Baba ya tsaya ya dubi kwamfutar, ya dubi 'yarsa. Kallon nan ya fi mata faɗa ciwo.

Ya sake kashewa da hannunsa, ya zauna yana kallo. Ba a daɗe ba sai ga 'yar fitila ta kawo, fuskar ta haskaka. Umma ta leƙo ta ce ita dai a fitar mata da abin nan daga gida, tun bai fara yi musu sallama ba. Baba ya yi dariya. Ya ce na'ura ce, kuma kowace na'ura tana da dalilinta. Gobe za su kai ta Birnin Kudu.

Da safe suka sa komai a kwali, har da wayoyi, suka hau bas. A Birnin Kudu akwai Malama Zahara'u, tsohuwar ɗalibar Baba. Tana da shagon gyaran kwamfuta kusa da tasha. Ta durƙusa ta gaishe da malaminta, ta kawo musu ruwa, sannan ta saurari bayani.

Da farko ta sa yarinyar ta nuna mata yadda take kashewa. Ta ce wasu sukan danna wurin sake kunnawa, su ɗauka kashewa suka yi. Yarinyar ta nuna.

"Daidai kike yi," in ji Malama. "To, ba daga nan ba ne. Mu ci gaba."

Suka jira. Kwamfutar ta kunna kanta.

Malama ta taɓa babban maɓallin kunnawa, ta danna, ta saki. Ta ce lafiyarsa lau, bai maƙale ba. Daga nan ta cire duk abin da ke jone da kwamfutar. Ta cire linzami, ɗan abin nan da ake ja da hannu a kan tebur, ta cire kibod, wato allon haruffa, ta cire na'urar buga takarda. Ta kashe ta ta maɓalli. Suka jira, suka jira. Shiru.

Yarinyar ta ce, "Malama, ta warke!"

Malama ta ce tukuna. Yanzu sun san laifin yana jikin ɗaya daga cikin abubuwan da aka cire, amma ba su san wanne ba. Baba ya ce shi yana zargin linzamin nan, don ya tsufa.

Malama ta yi murmushi. "Malam, kai ka koya mana a aji. Ba a rubuta amsa sai an yi aikin. Ni ba na ɗora wa kowa laifi a shagon nan sai na gwada shi."

Maganar ta shiga yarinyar har ciki. Ta sunkuyar da kai.

Aka mayar da linzami, aka gwada. Shiru. Aka mayar da na'urar buga takarda. Shiru. Aka mayar da kibod. Ko minti biyu ba a yi ba kwamfutar ta farka.

Malama ta kifar da kibod ɗin ta bubbuga. Ƙura ta zubo. Ta lura wani maɓalli na gefe ya fi sauran nutsewa. Ta sa ɗan tsinken ƙarfe ta ɗaga shi. Sai ga ɓawon gyaɗa a maƙale.

Ta yi musu bayani. An saita kwamfutar yadda taɓa kibod zai iya tayar da ita. Maɓallin da ya maƙale kuwa, kamar mutum ne ya ɗora yatsa ya ƙi ɗagawa. Ta share wurin tas, ta shiga cikin saitin ta rufe wannan hanya. Aka kashe sau uku, kwamfutar ta yi barcinta.

Baba ya ɗauki ɓawon ya jujjuya. Ya sosa ƙeya. Ya ce a gidansu dai mutum ɗaya ne ke cin gyaɗa yana aiki, kuma ga shi a zaune. Malama ta rufe baki da gyale tana dariya.

Yarinyar ce kawai ba ta yi dariya ba. A cikin bas, suna hanyar komawa, ta taɓa hannun rigar Baba.

"Baba, ban ga A'i ba. Ban taɓa ganin ta a ɗakin ba. Tsoro na ji kada ka karɓe mini aikin."

Baba ya ce ya gane tun jiya, jira yake ta faɗa da bakinta. Ya ce abin da ta yi ba ƙarami ba ne, domin ta sa an hukunta wadda ba ta yi komai ba. Shi ma, in ji shi, ya yi kuskure da bai bincika ba. Saboda haka su biyu ne za su je ba da haƙuri.

Ranar Lahadi suka hau babur zuwa Sara. Suka tarar da A'i a ƙofar gida tana ba awaki harawa. Da ta gan su sai ta juya baya.

Yarinyar ta je gabanta. "A'i, ƙarya na yi miki. Ki yafe mini."

A'i ta tambaya ko an gano wanda ke kunnawa. Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya, ya ce shi ne, da shi da gyaɗarsa. Shi ma yana neman a yafe masa.

A'i ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, amma dariya ta ƙwace mata. Baffa Buba ma ya taya ta. Ta ce ta yafe, ta ruga ciki ta ɗauko ƙullin kayanta.

Su uku suka dawo Gwaram, A'i a tsakiya, yarinyar ta riƙe ta gam ta baya.

Tun daga ranar yarinyar ba ta sake cewa ta ga abin da ba ta gani ba. Ta koyi cewa in abu ya lalace, ana bincike ne a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kafin a ɗora wa wani laifi. In kuma mutum bai sani ba, babu kunya ya ce, "Ban sani ba."